Daga allurar sistoci zuwa bahon 'yar dako

Wanda ya sauka a tashar Adjamé ta birnin Abijan da sassafe, kafin ya gama karkaɗe ƙurar hanya zai ji kira ɗaya na tashi ta kowace kusurwa: tanti bagaj, tanti bagaj. Masu kiran 'yan mata ne, wasu ba su kai shekara 12 ba, kowacce da ƙaton baho a ka ko a hammata. Suna bin matan da suka zo cefane kasuwar Gouro ko ta Forum, su ɗaukar musu doya da ayaba da kifi har bakin mota, a sallame su da 'yan canji. Kiran yana nufin "inna, kawo kayan", kuma shi ya zame musu suna. A Kano da 'yan dako za a ce musu, sai dai dako a Kano aikin ƙarti ne.

A unguwar nan ɗin cocin Saint-Michel yake, kuma a Treichville, bayan an tsallake Plateau da ruwa, akwai na Sainte-Jeanne d'Arc da na Notre-Dame. Fiye da shekara 120 ke nan 'yan mishan na neman yarinyar talaka a ƙasar Kodebuwa, kuma kowane zamani da irin yarinyar da hannunsu ke iya kaiwa gare ta.

Labarin ya fara ne tun Abijan tana ƙauyukan masunta na Ebrié. A watan Oktoba na 1895 limaman Katolika biyu, Hamard da Bonhomme, suka sauka a Grand-Bassam bisa gayyatar gwamna Binger, wanda ke neman masu riƙe masa makarantu. Daga birnin Lyon na Faransa suka fito, daga wata ƙungiyar mishan ta Afirka. Shugaban ƙungiyar, Augustin Planque, ya daɗe da gane cewa namiji baƙo mai farar riga ba ya shiga cikin gida ya zauna da mata. Shi ya sa a 1876 ya kafa ƙungiyar mata, Notre-Dame des Apôtres. Sistocinta na farko sun iso Grand-Bassam a 1898. Shekara ɗaya bayan haka zazzaɓin shawara ya afka wa garin, ya kashe Turawa masu yawa, har da shugaban mishan ɗin, Mathieu Ray. Gwamnati ta kwashe komatsanta ta koma Bingerville.

Su wa sistocin suka samu? 'Ya'yan manya ba su cika zuwa ba, don a gidan da ake ci ake sha babu mai sakin 'yarsa ga baƙi. Marayu suka samu, da waɗanda babu mai tsaya musu, da kuma wani rukuni da mulkin mallaka ya haifar da kansa, wato 'ya'yan da Turawa suka haifa da matan ƙasa suka tafi suka bari. A Moossou, dab da Grand-Bassam, sistoci sun daɗe suna riƙe da gidan irin waɗannan 'yan mata.

Abin da ake koyarwa a wurin bai da wuyar lissafi: addu'a, ɗan karatu, wanki, guga, girki, sai ɗinki wanda ya fi komai cin lokaci. Manufar ma ba a ɓoye take ba. Fada ya riga ya horar da yaro, ya zama malamin coci ko akawu ko tafinta. In ya tashi aure ya koma ƙauye ya ɗauko wadda ba ta san coci ba, aikin shekaru ya bi ruwa. Don haka ana buƙatar amarya Kirista. Yarinyar ta samu abinci da sutura da sana'ar hannu, wannan gaskiya ne, kuma ga marainiya ba ƙaramin abu ba ne. Amma lissafin da ya kawo ta ɗakin ɗinkin na gidan wani ne da za a kafa nan gaba.

Ko wannan ɗin bai tafi sumul ba. Rigimar gwamnati da coci a can Faransa, wadda ta kai ga dokar raba addini da mulki a 1905, ta biyo jirgin ruwa har gaɓar Afirka, aka yanke wa makarantun mishan tallafi. Abin da ya cika coci-coci a ƙarshe ma ba Bature ba ne. Wani mai wa'azi ɗan Laberiya, William Wadé Harris, ya ratsa gaɓar tekun da sanda da ƙwarya a 1913 da 1914, dubban mutane suka ƙone gumakansu, kafin Faransawa su kore shi. Katolika da Methodist suka gaji jama'ar da ya tara.

Sai Abijan ta taso. An fara shimfiɗa layin dogo zuwa arewa a 1904, aka mayar da hedikwata garin a 1934, aka fasa mashigin Vridi a 1950 manyan jirage suka shigo. Turawa suka zaɓi tudun Plateau suka zauna, suka tura baƙar fata gefe biyu: Adjamé ta arewa, a bayan barikin soja, Treichville ta kudu, a tsallaken ruwa, da titunanta masu lamba maimakon suna. Nan leburan tasha da na jirgin ƙasa suka tare, Mossi da Dioula da Baoulé da mutanen Nijar. Fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1958, wanda Oumarou Ganda ya fito a ciki, a Treichville aka ɗauke shi, kan rayuwar 'yan ci-ranin Nijar. Hausawa ma sun kafa gindi da fataucin goro da shanu da tireda. Har yau abincin da ya fi farin jini a bakin titin Abijan, garin rogo da soyayyen kifi, sunan Bahaushe yake amsawa: garba.

A nan mishan ta gamu da abin da Hausawa suka sani sarai. A Arewacin Najeriya gwamnatin Lugard ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addini ba, don haka aka taƙaita wa 'yan mishan shiga birane. Ɗan mishan Dakta Miller ya zauna a Zariya daga 1905, amma daga baya aikin nasu ya koma Wusasa, a bayan ganuwa. 'Yan matan farko da suka shiga hannun mishan a can ma irin na Moossou ne, 'yantattun bayi ƙanana da aka tara a gidaje irin na Rumasha. A Abijan babu sarki babu ganuwa, amma akwai uba. Bahaushe ko Badiyule na Adjamé zai iya kai matarsa asibitin sistoci ba tare da ɗar ba. Makarantarsu kuwa wani zance ne daban: yarinya ta yi allo, ta yi talla, ta tara kayan ɗaki. Masu son boko daga cikinsu daga baya suka fi karkata ga makarantun Islamiyya masu haɗa Larabci da Faransanci.

Bayan samun 'yanci a 1960 coci ta zama ta 'yan ƙasa. Bernard Yago ya zama babban bishop na Abijan a shekarar, kuma a 1965 ya kafa ƙungiyar sistoci 'yan Kodebuwa, Notre-Dame de la Paix. A 1962 aka buɗe makarantar 'yan mata ta Sainte-Marie, wadda ke Cocody, ƙarƙashin kulawar matan ƙungiyar Saint-François-Xavier, kuma har gobe tana cikin waɗanda sakamakonsu ya fi kyau a ƙasar. Likitoci da alƙalai mata sun fito daga cikinta. Babu mai raina wannan. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: kafin yarinya ta zauna aji tun safe har la'asar, sai an samu wata yarinyar da za ta ɗebo ruwa, ta goyi ƙani, ta tsare tiren talla. Yawan 'yan makaranta a birnin ya ƙara yawan buƙatar 'yan aiki.

Wata mai bincike Bafaranshiya, Mélanie Jacquemin, ta yi shekaru tana bin wannan lamari, ta fitar da littafi a 2012. Ta kasa 'yan aikin kashi uku. Akwai 'yar riƙo, wadda gwaggo ta ɗauko daga ƙauye, ba a biyanta, sai dai ranar komawa a haɗa mata akwati da zannuwa da kwanuka. Akwai wadda wata dillaliya ke kawowa ta bayar haya, kuɗin wata ya shiga hannun dillaliyar. Akwai kuma mai karɓar albashinta da kanta. Da yawa daga yankin Bonduku suke fitowa, garin da fataken Hausa suka sani tun zamanin tafiya Gwanja. Uwar Bahaushiya ba ta buƙatar a yi mata fashin baƙin wannan tsari. Kwalla da samira da atamfa ne, da wani yare.

Da farashin koko da kofi ya faɗi a shekarun 1980, sannan aka karya darajar sefa da rabi a 1994, riƙo ya ƙara rikiɗewa zuwa haya. A wannan tsakanin ne coci ta sake waiwayo bakin kasuwa. Hukumar Katolika mai kula da yara ta duniya, BICE, wadda aka kafa a 1948, ta fara aiki a Abijan a 1987, da yaran titi da na kurkuku da 'yan aikin gida. A 2011 aikin ya koma hannun wata ƙungiya ta 'yan ƙasa, DDE-CI, mai mazauni a Adjamé. A Koumassi, gabas da Treichville, sistocin Don Bosco suna riƙe da gidan Marie Dominique, inda ake saukar da 'yan matan da suka gudo ko aka yasar.

Salon ya canza ƙwarai. Ba a neman amaryar malamin coci yanzu, kuma da yawa daga cikin 'yan matan Musulmi ne, sun shigo da sallarsu za su fita da ita. Aikin ya koma na lallashi: a samu uwar ɗaki a roƙe ta ta saki yarinya awa biyu da rana ta koyi baƙi da lissafi, a nemo mata takardar haihuwa, a bi sawun iyayenta in an doke ta ta gudu. Iyaye Musulmi da ke ɗari-ɗari suna da hujjarsu a tarihi, ko da yake mai adalci zai tambaya me masallatan unguwar suka tanadar wa yarinyar da ta kwana a rumfar kasuwa. Abu ɗaya dai ya ƙi motsawa tun 1898. In an gama karatun yaƙi da jahilci aka tambayi sana'a, amsar ɗinki ce, sai kitso da gyaran gashi, sai yin kek. Adjamé kuwa teloli sun yi mata yawa, ga gwanjo tuli a ƙasa da ya fi ɗinki araha.

Gwamnati ta yi dokar hana fataucin yara da bautar da su a 2010, ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16 a 2015. Birnin da bai kai mutum 20,000 ba lokacin da ya zama hedikwata, ƙidayar 2021 ta same shi ya haura miliyan 5. A kasuwar Gouro manyan motoci na isowa da doya tun kafin kiran assalatu, kuma 'yan bahon sukan riga masu cefane zuwa. Ajin karatun nasu sai rana ta take ake buɗe shi, lokacin da ciniki ya lafa.