Dogon Da Ya Tsaya a Ƙaura

Wanda ya dubi taswirar hanyoyin jirgin ƙasa na Nijeriya ta Arewa zai ga wani reshe ya rabu daga Zariya, ya bi ta Funtuwa ya isa Gusau, sa'an nan maimakon ya miƙe yamma zuwa Sakkwato sai ya karkata arewa, ya ƙare a Ƙauran Namoda. A 1929 aka gama shi. Ƙasar Morai da Talatar Mafara da Bakura da Maradun duk ya bar su a gefe, ga kuwa jama'a, ga kasuwanni masu ci.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Turawan mulki ba su auna hanya da yawan matafiya, da nauyin kaya suke aunawa. Abin da ke ransu shi ne auduga da gyaɗa da fatu su isa Ikko a zuba a jirgin ruwa. Fasinja kuwa ɗori ne bisa kaya. Saboda haka talakan Mafara da ke nufin Zariya ko Kano, dole ya kora jakinsa har Gusau tukuna. A shekarar da dogo ya isa Ƙaura kuma ciniki ya faɗi a duniya duka, kuɗin aiki suka ƙafe, Sakkwato ba ta ga jirgi ba. Daga baya motocin lori suka gaji hanyar.

Amma kada a ce talakawa ba su da hannu a sha'anin. Da dogo ya isa Kano a 1911, auduga Turawa suke jira. Manoma suka duba inda riba take, suka shuka gyaɗa, har jirgin ya koma mai hidimarta. Sai dai wannan ikon juya abin da aka riga aka gina ne. Ikon cewa ga inda za a gina, sai da aka sami wakilai a majalisa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 domin aikin jirgin ƙasa, aka ja hanya daga Kuru ta Bauci da Gwambe, ta isa Maiduguri a 1964. A ganinmu nan ne farkon inda kukan jama'ar lardi ya shiga lissafi sosai, ko da yake gyaɗar Barno ma ta taya su roƙo.

Lardin Sakkwato bai sami irin wannan rabo ba. Babban aikin da gwamnati ta kawo wannan yanki, madatsar ruwa ce ta Bakolori a 1978. Hanyar Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021, an tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, gabas da Zamfara.