Yadda Doka Ta Yanka wa Kantin Unguwa Iyaka a Amurka

Duk wanda Allah ya nufa da zagaya tsofaffin unguwannin biranen Amurka, irin su Baltimo da Buffalo da Filadelfiya, in dai mai lura ne, ba zai rasa cin karo da wani irin gini ba a kusurwar da tituna biyu suka haɗu, wanda ƙofarsa ke fuskantar mahaɗar a karkace, tagoginsa na ƙasa kuwa manya ne ƙwarai, sai dai an toshe su da jan bulo ko katako, an bar 'yar kafa an rataya mata labule, alamar yanzu ɗakin kwana ne. Shekara ɗari da suka shige kanti ne, inda matan unguwa ke aiken yara sayen gari da sukari da kananzir, ko kuwa wurin mahauci ko mai gashin burodi, shi mai sana'ar yana zaune da iyalinsa a bene, in ya sauko da asuba ya iso wurin aikinsa ke nan. Mutane sukan ce mota da manyan kantunan zamani su suka kashe wannan ciniki, kuma lalle suna da hannu a ciki. Amma akwai wani hannun da ba a cika ambatonsa ba, watau dokar da ta kasa gari shiyya-shiyya, ta ƙayyade abin da ya halatta a yi a kowace, har ta ware wa ƙananan sana'o'i wani ɗan tsiri a taswira da ake kira shiyyar kasuwancin unguwa.

Asalin maganar ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya, domin ƙa'idar gusar da cuta daga maƙwabci tsohuwa ce a cikinsa. A ƙarni na 8 na Hijira an yi wani magini a Tunis ana ce masa Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya dubo musu gine-ginen da ake husuma a kansu, ya kuma wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen gini, inda ya kawo mas'alolin hayaƙin tanderu, da warin majema, da girgizar da dutsen niƙa ke yi wa bangon maƙwabci. Dokar Ingila da Amurkawa suka gada ita ma haka take tafiya: sai cuta ta auku, wanda aka cuta ya kai ƙara, alƙali ya bincika, sa'an nan ya yi hukunci a kan wannan tanderun da wannan maƙwabcin. Sabon abin da rabon shiyyoyi ya zo da shi shi ne yanke hukunci tun kafin a yi laifi, a kan jinsin sana'a ɗungurungum, ba tare da an dubi mai ita ko an tambayi maƙwabtansa ba. A ganina nan ne amfanin tsarin yake, nan ne kuma illarsa take.

Birnin Frankfurt na Jamus ya kasa kansa shiyyoyi a 1891, kuma daga can masanan Amurka suka ɗauko fasalin. Amma tun kafin haka, a 1885, wani ƙaramin gari a Kalifoniya mai suna Modesto ya yi dokar da ta tsare gidajen wanki da guga a wani yanki na yamma da layin dogo, da hujjar tsoron gobara da ƙazamin ruwa, alhali kowa ya san masu wankin nan 'yan Sin ne, kuma su ake so a nisanta. Los Anjalas ta biyo baya a 1908 da shiyyoyin zama da na masana'antu, har abin ya faɗa kan wani mai gasa tubali, Hadacheck, wanda ya sayi filinsa mai yumɓu tun yana bayan gari, garin ya yaɗu ya cim masa, aka ce ya kashe wutarsa. Ya kai kuka har Kotun Ƙoli, ita kuwa a 1915 ta ba gari gaskiya.

Birnin Niyok ne ya fara haɗa dokar da ta game gari baki ɗaya a Amurka, a watan Yuli na 1916, kuma abu biyu suka tunzura shi. Na farko wani gini ne mai suna Equitable da aka gama a 1915, hawa kusan 40 a miƙe tun daga bakin titi, wanda ya tare wa maƙwabtansa rana da iska har darajar ofisoshinsu ta faɗi. Na biyu ya fi jan hankalina. Attajiran da ke da kantunan alfarma a titin Fifth Avenue, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu tun 1907, sun ga masana'antun ɗinki suna ta matsowa kusa da su, don teloli na son zama dab da masu sayen kayansu. Idan kuwa rana ta take, lokacin cin abinci ya yi, sai dubban ma'aikatan ɗinki, galibinsu baƙin haure Yahudawa da Italiyawa, su zubo kan titi su sha iska, suna hira da harsunansu, su cika gefen hanya a daidai sa'ar da matan masu hali ke saukowa daga motocinsu za su shiga kanti. Babu hayaƙi a nan, babu wari, babu bangon da ya tsage, cutar da attajiran suka kawo ƙara a kanta ita ce ganin talaka a ƙofarsu. Suka yi gangami, suka yi barazanar daina sayen kayan duk masana'antar da ta ƙi tashi, suka mara wa kwamitin da lauya Edward Bassett ya shugabanta baya, aka fito da doka mai kasa birnin gida uku, shiyyar zama, da ta ciniki, da wadda ba a yi mata ƙaidi ba, aka kuma ɗaure tsawon gini da faɗin titin da yake kai. Ba da jimawa ba Ma'aikatar Ciniki ta tarayya, a ƙarƙashin Herbert Hoover, ta buga wani samfurin doka a 1924 wanda jihohi suka yi ta kwafa, suna ba garuruwansu ikon yin irin wannan rabo.

Shari'ar da ta kafa tsarin daram ta taso ne daga wani ƙauye mai suna Euclid a gefen Cleveland, cikin jihar Ohayo. A 1922 hukumar ƙauyen ta kasa ƙasarta aji shida na amfani, tun daga gidan iyali ɗaya har zuwa masana'anta mai nauyi. Wani kamfanin dillancin filaye, Ambler, yana da eka 68 tsakanin babban titi da layin dogo, yana jiran masu masana'antu su zo su saya, sai ya wayi gari an sa wani sashen filin a ajin gidajen zama. Ya ce ekar da za ta yi dala 10,000 ta koma ta 2,500, wannan kuwa ƙwace ne ba tare da diyya ba. Alƙalin farko, Westenhaver, ya ba kamfanin gaskiya a 1924, ya kuma faɗi wata magana da zamani ya gaskata, cewa ƙarshen irin wannan doka shi ne a jera mutane a rarrabe su gwargwadon abin hannunsu. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa ran 22 ga Nuwamba 1926, alƙalai shida suka rinjayi uku. Mai Shari'a Sutherland, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa abu na iya zama daidai a zatinsa amma ya zama cuta saboda muhallinsa, ya buga misali da alade da aka tarar a ɗakin baƙi maimakon turkensa. Ya siffanta benen haya mai ɗakuna da yawa a unguwar gidaje da abin da ke rayuwa a jikin wani yana tsotsonsa. Ya kuma jawo maganar wata kotun Luwiziyana da ta ce wuraren ciniki na kawo surutu da wari da ɓeraye da kyankyasai da ƙudaje. Da wannan ƙiyasi mai sayar da madara da burodi ya shiga sahu ɗaya da majemi, ba don an kama shi da wani laifi ba. Shi kuwa filin Ambler haka ya zauna fayau har Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kamfanin General Motors ya gina masana'anta a kansa.

To, da aka fitar da kanti daga tsakiyar gidaje, tilas a sama masa wurin zama, tun da mai gida ba zai daina bukatar gishiri da aski ba. Wanda ya tsara amsar shi ne Clarence Perry, a cikin babban shirin yankin Niyok na 1929, inda ya zana unguwa mai kimanin eka 160, makarantar firamare a cibiyarta, manyan tituna sun kewaye ta, kantuna kuwa an tattara su a bakin iyaka wajen mahaɗar titunan, yadda uwar gida za ta iya takawa ta je, amma motar kaya ba za ta ratsa inda yara ke wasa ba. Niyyar tana da kyau, ban musa ba, kuma daga ita ne shiyyar kasuwancin unguwa ta samu siffar da take da ita a kundin dokokin garuruwa masu yawa har yau. Wanda ya buɗe irin wannan kundi zai tarar da hukunci hawa uku, kamar yadda ɗalibi ke tarar da halal da abin da ya halatta bisa sharaɗi da haram. Kantin kayan masarufi, da na magani, da wanzami, da mai gyaran takalmi, da mai burodin da ke sayarwa a nan inda ya gasa, da reshen banki, waɗannan halal ne kai tsaye, muddin faɗin wurin bai wuce abin da aka ƙayyade ba. Gidan mai da gidan renon yara sukan bukaci izini na musamman, sai an kira maƙwabta an zauna an ji ta bakinsu. Sito da garejin bugun mota da masana'anta kuwa an rufe musu ƙofa. A Niyok, tun daga gyaran dokar na 1961, irin wannan shiyya takan zama tsiri mai zurfin ƙafa 100 zuwa 200 a gefen babban titi, kanti a ƙasa, gidajen kwana a sama. A garuruwa da yawa na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ko wannan ba a bari ba, an hana kwana a kan kanti ɗungum, aka kuma wajabta wa mai kanti ya tanadi filin ajiye motoci gwargwadon faɗin kantinsa, sharaɗin da mai ƙaramin jari ba ya iya cikawa.

Su kuwa tsofaffin kantunan kusurwa da doka ta tarar a cikin gidaje, ba a rushe su ba, an dai bar su a wani matsayi mai kama da jinyar ajali. An yarda mai kanti ya ci gaba da abin da yake yi, amma ba zai faɗaɗa ba, ba zai sauya sana'a yadda ya ga dama ba. In gobara ta ci fiye da rabin ginin ba zai mayar ba. In kuma ya rufe na wata shida ko shekara, gwargwadon dokar garin, haƙƙin ya faɗi har abada. Sai tsoho ya kwanta ciwo, 'ya'ya su yi ta shawarar wanda zai karɓa, kafin a raba gado wa'adi ya cika, a kira magini ya toshe taga. Tubalan nan da matafiyi ke gani a kusurwa wasu daga cikinsu ta wannan hanya suka hau.

Wajibi ne a faɗi cewa an yi amfani da wannan makami na rabon shiyyoyi a fili don raba launin fata. Baltimo ta yi dokar raba layukan Baƙaƙe da na Farare a 1910, wasu garuruwan Kudu suka bi sahu, har Kotun Ƙoli ta soke ta Louisville a 1917. Bayan haka sai aka koma cim ma wannan buri ta hanyar girman fuloti da hana gidajen haya. A wannan shekarar ta 1917 ce Gwamna Lugga ya kafa dokar garuruwa a Nijeriya, tsarin da ya ware unguwar Turawa, ya bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa da sunan tsoron sauro, saboda haka mutumin Kano ko Kaduna da ya san tarihin Jiyare ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan yadda hujjar lafiya ke zama mayafin wata manufa.

Wadda ta fi kowa tsayawa ta kare kantin unguwa ita ce Jane Jacobs, marubuciya da ba ta da digirin tsara birane, wadda ta zauna da iyalinta a titin Hudson na Niyok, a wani ɗan bene da ƙasansa tsohon kantin alewa ne. A littafinta na 1961 a kan mutuwa da rayuwar manyan biranen Amurka ta bayyana abin da ta gani da idonta daga taga, cewa mai kanti ba ciniki kaɗai yake yi ba: shi ake bar wa makulli in za a yi baƙo, shi ke karɓar saƙo, shi ke tsawata wa yaron da ya nufi titi a guje, kuma idonsa da na masu shiga wurinsa safe da dare su ne tsaron layin, tun kafin a kai ga ɗan sanda. Manyan masana na lokacin sun yi mata kallon 'yar kutse, amma sannu a hankali maganarta ta shiga makarantun da suka raina ta. A 2017 birnin Buffalo ya soke wajabcin tanadin wurin ajiye motoci a faɗin garin, a ƙarshen 2018 kuma Minneapolis ta amince da shirin da ya kawar da shiyyar da ba a gina kome a cikinta sai gidan iyali ɗaya. A yawancin sauran garuruwan, wanda ya sayi ɗaya daga cikin gine-ginen nan na kusurwa, yana so ya fasa bulon ya mayar da gilashi ya sayar da burodi, sai ya rubuta takardar neman sassauci, ya biya kuɗinta, a aika wa maƙwabta sanarwa, sa'an nan ya jira ranar da kwamiti zai zauna.