Sarkin da Ya Sa Dutsen Jed Ya Yi Tsada

A watan Afrilun 2012 ɓarayi suka fasa gidan tarihi na Fitzwilliam da ke Cambridge a Ingila, suka yi awon gaba da kayan ƙasar Sin guda 18, akasarinsu na dutsen jed. A 2015 aka yi wa fadar Fontainebleau ta Faransa irin wannan ta'asa. Nan fa tsohuwar gardama ta sake tashi: me ya sa ake rububin kayan nan haka?

Sinawa sun daɗe da dutsen. Mutanen Liangzhu sun binne manyansu da shi shekaru kusan 5,000 da suka wuce. A 1968 aka tono kabarin Yarima Liu Sheng na daular Han, aka tarar an yi masa likkafani da gutsattsarin jed 2,498, an ɗinke su da zaren zinariya.

Wasu na ɗora tsadar kan wawason 1860, lokacin da sojojin Ingila da Faransa suka kwashe Tsohuwar Fadar Bazara ta Beijing, sojojin Ingila kuma suka cinna mata wuta. Wasu sun ce attajiran Sin na yau ne. Ni dai a ganina duk sun tarar da kasuwar ce. Wanda ya kafa ta shi ne Sarki Qianlong na Sin, da ya hau gado a 1735.

Da rundunarsa ta cinye yankin Xinjiang a 1759, kogunan Hotan, inda ake tsintar farin jed mafi kyau, suka koma hannunsa, dutse ya riƙa kwararowa fada. Jed kuwa wuƙa ba ta cinsa, sai dai a yi ta gurzawa da jiƙaƙƙen yashi mai kaifi. Haka masassaƙan birnin Yangzhou suka shafe shekaru kan wani dutse mai nauyin tan 5 da 'yan kai, suna fito da siffar wani sarkin dā mai suna Yu yana yaƙi da ambaliya, suka gama a 1787. Qianlong ya tara jed na zamanin dā, har yana sa a karta waƙoƙinsa a jikinsu, abin da yau sai mu kira ɓarna.

Ma'auninsa ne dillalai ke bi har gobe. Tambarin zamaninsa na ɗaga farashi, shi ya sa masu jabu ma suke karta shi. Mai niyyar saye ya fara neman takardun da ke nuna hannayen da abin ya bi.