Daga Dutsen Dala Zuwa Sabo: Wa Ya Ce Baƙo Zai Zo?



Kwanakin baya ƙaramin ɗana ya dawo daga makaranta fuska a murtuke, wai wani yaro ya ce masa Gambari, yaushe za ku koma garinku. Ya tambaye ni, Baba, ina ne garinmu? Yaron nan a Sabo aka yanke masa cibiya, ni ma haka, kakana ne ya zo daga Kano da fataucin goro. Na ce masa Kano, amma da dare na kasa barci, domin na san ita ma Kanon da baƙi aka kafa sarautarta.

Mai karatu, kafin a yi ganuwa, Kano 'yar ƙaramar alƙarya ce a gindin Dutsen Dala. Masu haƙar tarihi sun samu wurin narkar da tama a can wanda ya kai wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce shugaban mutanen shi ne Barbushe, maharbi, jinin Dala, mai kula da Tsumburbura. Wurin tsafin itaciya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Idan lokacin ya zo mutane su kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, ya shiga da dare, da asuba ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi.

Wata shekara, in ji littafin, ya ce musu wani mutum zai zo da runduna ya mallake su, kuma za a gina masallaci a wurin. Bayan zamaninsa Bagauda ya iso, ana lissafa sarautarsa daga 999. A zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a wurin itaciyar.

Mu Musulmi mun san gaibu sai Allah, kuma ba mu gaskata boka. Abin lura shi ne, an rubuta littafin da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, shekaru kusan 900 bayan Bagauda. Waɗanda suka gaji baƙin ne suka adana labarin, kuma amfaninsa a gare su a fili yake: tun da mai garin da bakinsa ya faɗi zuwanmu, ba wanda zai ce mana 'yan kutse.

Ba mu kaɗai muka yi wannan ba. Girkawan da, idan za su kafa sabon zango, sukan je Delfi wajen bokanyar gunkinsu Afolo su nemi izini. Masanin tarihinsu Herodotus ya ba da labarin tsibirin Tera, inda aka yi shekara 7 ba ruwan sama. Bokanyar ta ce su tafi Libiya. Suka tura wani Battus da jiragen ruwa 2 kacal. Da wuya ta ishe su suka juyo gida, 'yan uwansu suka kore su da jifa, ba su bari sun sauka ba. Suka zauna wani ƙaramin tsibiri shekara 2, suka yi 6 a gaɓar teku, sannan mutanen ƙasar suka kai su bakin wani marmaro, inda suka kafa Kirini wajen 631 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kangonta yana nan a Shahat, gabashin Libiya. Shi ma Herodotus kusan shekara 200 bayan abin ya rubuta shi.

Ko masu masaukinmu, ku tambayi dattijon Bayarabe, zai ce muku sai da aka duba Ifa kafin Lagelu ya zauna. Ita kuwa Ibadan ta yanzu sansanin yaƙi ce da mayaƙa daga Ife da Oyo da Ijebu suka cika wajen 1829.

To mu fa? Ba bokan da ya faɗi zuwanmu, kuma ba mu bukata. Kakanninmu sun zauna cikin gari a gidajen Yarabawa har 1916, lokacin da aka ware mana Sabo a nan Mokola. Shanu suka gangaro kudu, goro ya haura arewa, fatoma ya ba da masauki, dillali ya tsaya lamuni. Wani Bature, Abner Cohen, ya zauna cikinmu ya fitar da littafi a kanmu a 1969. Abin kunya, shi ya rubuta, mu muna kallo.

Roƙona shi ne, duk mai tsoho a gida ya zauna da shi da biro da takarda, ya tambaye shi wa ya fara zuwa, daga wane gari, a gidan wa ya sauka. Tsofaffin nan ƙarewa suke yi. Ni na fara da gwaggona ranar Juma'ar da ta wuce, ɗan nawa ne ma ya riƙe biron.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.