Daga Magagari Zuwa Roba: Yadda Ƙaramar Bindiga Ta Yi Araha

A shekarar 2017, a wani gidan gwanjo da ke jihar Illinois ta Amurka, an sayar da wata tsohuwar ƙaramar bindiga a kan dala 414,000. Sunan da ke jikinta ne ya jawo mata wannan kuɗi: Singer. E, Singer ɗin nan dai na keken ɗinki da tela ke takawa a bakin kasuwa. Gab da shigar Amurka Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta ba kamfanin kwangilar gwaji ya ƙera fistol 500 samfurin M1911. Ya ƙera su tsaf, sai aka karkatar da shi zuwa wasu ayyukan na yaƙi, bai kuma sake ƙera ko guda ba. Shi kuwa kamfanin Remington Rand, da aka sani da tafireta, ya zubo irinta sama da 800,000.

Irin wannan labari ne masu tara tsofaffin makamai ke kafa hujja da shi idan gardama ta yi zafi. Su dai a wajensu da tsohuwar zuma ake magani, bindigar zamani kuwa roba ce kawai da aka yi wa fenti. Suna da gaskiyarsu, amma tarihin bai ba su ita gaba ɗaya ba.

Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a 1836, kamfaninsa na farko a garin Paterson kuma ya durƙushe a 1842 saboda rashin ciniki. Yaƙin Amurka da Meziko ne ya farfaɗo da shi. A 1847, tare da Kyaftin Samuel Walker na dakarun Texas, ya fito da wata ƙatuwar libarba mai nauyin kilo biyu, aka ƙera guda 1,100. A 2018 an sayar da ɗaya daga cikinsu dala miliyan 1.84. Abin da mai gwanjo ba ya ɗaga murya a kai shi ne kusan 300 daga cikinsu an mayar da su gyara, domin gidan harsashinsu kan tarwatse idan soja ya cika masa albarushi. Ƙarfen wancan zamani bai kai ba.

Sai a 1873 kamfanin Colt ya samu wadda ta yi masa suna har abada, ita ce Peacemaker, wadda duk mai kallon finafinan kaboyi ya sani a ƙugun jarumi. Soja sun saye ta a kan dala 13, farar hula kuma wajen dala 17. A kunnen yau kamar kyauta. Sai dai makiyayin shanu a Texas a lokacin yana karɓar dala 25 zuwa 40 ne a wata, wato sai ya ajiye kusan rabin albashinsa kafin ya rataya ta. Dala 17 ɗin nan ta kusa kai tsabar zinariya ta dala ashirin, wadda nauyinta ya kusa oza guda. Shi ya sa da yawa daga cikin kaboyi na gaskiya, ba na fim ba, suka ƙare rayuwarsu da bindigogi masu rahusa ko ragowar Yaƙin Basasar Amurka.

Me ake biya a wannan tsada? Hannun mutum. Inji kan fitar da sassan bindiga kusa da awon da ake so, sauran aikin na gwani ne. Zai zauna a benci da magagari da dutsen washi, ya goga, ya gwada, ya cire, ya sake gogawa, har kunama ta zauna daidai, gidan harsashi ya riƙa tsayawa cak a saitin bututu. Jamusawa sun kai wannan al'ada maƙura da Luger, wadda sojojinsu na ƙasa suka ɗauka a 1908. Idan aka kwance ta, za a ga an buga lambobi biyu na ƙarshe na lambar bindigar a jikin ƙananan sassanta, don kada a haɗa na wata da na wata, tunda kowane sashe an goge shi ne don gidansu kaɗai. Kyau kam ba a magana. Amma ba ta shiri da ƙura da taɓo, ga cin lokaci wajen ƙira, don haka a 1938 sojan Jamus suka zaɓi Walther P38 mai sauƙin yi.

A cikin tsofaffin, wadda ta fi cancantar yabon da ake yi mata ita ce M1911 ta John Moses Browning. A gwajin soja na watan Maris 1911 an harba harsashi 6,000 da ita, idan ta yi zafi a tsoma ta cikin ruwa a ci gaba, ba ta cije ko sau ɗaya ba. Abokiyar takararta ta kamfanin Savage ta cije sau 37. Farashinta a kwangilar farko bai kai dala 15 ba, ta kuma zauna a hannun sojan Amurka har 1985, lokacin da Beretta ta Italiya ta karɓe ta.

Akwai kuma abin da masu begen tsofaffin suke mantawa. Waɗanda suka tsira har suka iso teburin gwanjo su ne zaɓaɓɓu, waɗanda aka shafa wa mai aka naɗe a tsumma. Tarkacen wancan zamani, kuma su ne suka fi yawa, tsatsa ta cinye su tuntuni. Libarbar Iver Johnson da Leon Czolgosz ya harbi Shugaba William McKinley da ita a Buffalo a 1901, dala huɗu da rabi ya saye ta a shagon kayan ƙarfe.

Wanda ya birkita lissafin gaba ɗaya bai taɓa ƙera bindiga ba sai da ya haura shekara hamsin. A lokacin Gaston Glock injiniya ne a Deutsch-Wagram, kusa da Biyana, yana yin sandunan rataya labule da wuƙaƙen soja, ya kuma ƙware a aikin zuba roba. Da sojan Austiriya suka nemi sabuwar fistol, sharaɗinsu shi ne kada sassanta su wuce 58, kada kuma ta cije fiye da sau 20 a harbi 10,000. Glock ya tara masana harbi ya ji abin da suke so, ya kawo tasa mai sassa 34 da harsashi 17 a ciki, a 1982 ya kayar da manyan kamfanonin Turai da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Heckler & Koch sun riga shi yin fistol mai gangar roba tun 1970, amma tasu ba ta karɓu ba.

Dabarar a nan take: gangar jikin ana zuba ta ne a mazubi, ta fito cikin ɗan lokaci, ta dubu daidai da ta farko. Babu benci, babu magagari. Sashen wannan ya shiga waccan ba tare da gardama ba, ƙarfen sama kuma an yi masa wani irin gashi da ke hana shi tsatsa. Muni dai ta yi muni, baƙa ƙirin mai kusurwa kamar bulo, ba wanda zai rataye ta a falo don ado.

Tallar da ta fi yi mata amfani maƙiyanta ne suka yi mata. A watan Janairun 1986 ɗan jarida Jack Anderson ya rubuta cewa Gaddafi na neman sayen wata bindigar roba da za ta iya wuce na'urar binciken filin jirgin sama. Hankalin Amurkawa ya tashi, har majalisa ta yi doka a 1988 kan bindigogin da na'ura ba ta gani, fim ɗin Die Hard 2 na 1990 kuma ya ƙara wa ƙaryar gishiri da cewa da tangaran aka yi ta. Alhali mafi yawan nauyin Glock ƙarfe ne, na'ura na ganinta sarai. Kafin ƙurar ta lafa kowa ya san sunan, rundunonin 'yan sanda kuma suna ta ajiye libarba mai harsashi shida suna karɓar mai goma sha bakwai.

Yau sabuwar Glock a shagon Amurka tana tsakanin dala 500 da 600. Matsakaicin ma'aikaci a can yana samun sama da dala 1,100 a mako. Abin da ya ci wa kaboyi rabin wata, jikansa aikin kwana uku ya ishe shi. A kwangilar soja ma lissafin kuɗi ne ya yi hukunci: a 2017 Sig Sauer ya kayar da Glock a neman maye gurbin Beretta, da tayin kusan dala miliyan 169 a kan na Glock na miliyan 272. Zamani ma bai tsira daga aibi ba. A cikin wannan shekarar aka gano samfurin P320 na Sig Sauer da ake sayar wa farar hula na iya tashi da kansa idan ya faɗi ƙasa ta wata kusurwa, har kamfanin ya buɗe shirin sauya kunamar kyauta.

Colt Python ce ta nuna inda aikin hannu ya ƙare. Ta fito a 1955 a kan dala 125, gwanaye na goge jikinta har shuɗin ƙarfen ya zama kamar madubi. Albashin irin waɗannan gwanaye ya yi ta hawa, tsofaffinsu na ritaya ba masu gado, a 2005 Colt ya daina yin ta kwata-kwata. Sai ga shirin talabijin na The Walking Dead ya saka ta a hannun jaruminsa, farashin tsofaffin ya haura dubban daloli. A 2020 Colt ya dawo da ita a kan dala 1,499, da ƙarfe mara tsatsa wanda injin da kwamfuta ke sarrafawa ya yanka, an rage sassan cikinta, an ƙara wa gangarta kauri a saman gidan harsashi. Masu harbi suka yi layi suna saya. Masu tarawa kuwa suka juya ta a hannu, suka ɗana kunama suka saurari ƙararta, suka mayar wa mai shago, suka koma neman ta 1955.