Matsin lantarki a bakin kebul marar turjiya

Kebul marar turjiya waya ce da ke ɗaukar wutar lantarki ba tare da ta ɓata ta a zafi ba, muddin an sanyaya ta matuƙa. Heike Kamerlingh Onnes ne ya gano wannan hali a birnin Leiden a 1911, amma sai a 1987 aka samu sinadaran da ruwan naitirojin ke iya sanyayawa, wanda yake tafasa a digiri 196 ƙasa da sifiri. A birnin Essen na Jamus an kunna irin wannan kebul a 2014, mai tsawon kilomita ɗaya da ƙarfin kilobolt 10. Kafin shi, a 2008, an kunna wani mai kilobolt 138 a Long Island ta Amurka.

Wuri mafi rauni a tsarin shi ne bakin kebul, inda ake haɗa shi da layin wuta na yau da kullum. A tsawon jikinsa, matsin lantarki yana bazuwa daidai tsakanin wayar ciki da garkuwar da ke kewaye da ita, wadda aka jona da ƙasa. A baki kuwa dole a yanke garkuwar, sai matsin ya taru a gefen yankan kamar ruwan da ya iske ƙuntatacciyar hanya. Daga nan ƙananan tartsatsi ke tashi, suna cin rufin kariya sannu a hankali har ya huje.

Hanyar da aka fi sani ita ce a ƙara kaurin rufin a siffar mazurari, a bi da garkuwar ta buɗe a hankali. Wata kuma ita ce a jera fallayen alminiyom siraran a cikin rufin, kowanne da tsawon da aka ƙididdige, domin su raba ƙarfin wutar mataki-mataki. Duka biyun an gaje su daga kebul na al'ada.

Sanyi ne ya sa aikin ya bambanta. Cikin tazarar 'yan mitoci, sandar jan ƙarfe da ke shigo da wuta tana ratsa ruwan naitirojin, sannan iskarsa, sannan zafin waje, kuma tana shigo da zafi tare da wutar. Idan ruwan ya tafasa sai kumfa ta fito, ita kuwa kumfa ba ta jure matsi kamar ruwan, don haka a cikinta tartsatsi ke farawa. Shi ya sa ake danne ruwan da matsi, a kuma sanyaya shi ƙasa da inda yake tafasa. Iskar da ke can sama, kusa da ɗumi, ita ce mafi rauni, domin ta fi sauƙi.

Akwai kuma ƙanƙancewa. Kebul mai kilomita ɗaya yana raguwa da kusan mita uku idan aka sanyaya shi, kuma ƙarfe da ƙaron efoksi ba sa ƙanƙancewa daidai. Ɗan rata kamar silin gashi tsakaninsu ya isa ya zama mafarin lalacewa. Mazurarin da ya yi daidai a ɗakin gwaji mai ɗumi ba lallai ya yi daidai a cikin sanyi ba, saboda haka ake auna ƙananan tartsatsin bayan an sanyaya bakin, a ɗumama shi, a sake sanyayawa.