Daga Gandu zuwa Fansho: Waiwaye a kan Tanadin Tsufa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalmomin ritaya da fansho da garatuti baƙi ne a Hausa, domin duk daga Ingilishi aka aro su. Kafin zuwansu akwai murabus, amma ita ta masu sarauta ce, kamar yadda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963. Manomi ko maƙeri ba shi da wata rana da za a ce yau aikinsa ya ƙare. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda tanadin tsufa ya tashi daga hannun iyali ya koma hannun hukuma. Hujjarta ita ce, fansho ya gaji ɓangare ɗaya ne kawai na abin da gandu ke yi wa dattijo, wato ciyarwa, ya bar ɗaya ɓangaren, wato matsayi da kwanciyar hankali, babu magaji.

2.0 Gandu

Gandu tsari ne wanda 'ya'ya maza, har da masu aure, ke noma gonar mahaifinsu a ƙarƙashin ikonsa. Shi kuma yana ɗauke da ci da shan gida da biyan haraji da hidimar aurensu na fari. Kowane ɗa yana da gayaunarsa, wadda yake nomawa da yamma ko a ranakun da aka ware masa. M. G. Smith ya bayyana tsarin a nazarinsa na ƙasar Zazzau (1955), haka ma Polly Hill a littafinta na 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina.

Abin lura a nan shi ne, maigida yana ajiye fartanya a hankali, amma ba ya ajiye iko. Shi ke buɗe rumbu, shi ke raba hatsi, shi ke karɓar masu neman aure, kuma a zaurensa ake sasanta rigima. Ƙarfin jikinsa yana raguwa, nauyin maganarsa yana ƙaruwa. Tsohuwa ma ba a zaune take ba: kulle ya saki ƙafarta, ita ce ungozoma, ita ke wankan jego da renon jikokin da aka yaye, tana kaɗi ko 'yar sana'arta.

Sai dai kada a ɗauka zamanin aljanna ne. Gandu na mai 'ya'ya maza ne da gona. Wanda bai haihu ba, ko wanda 'ya'yansa suka tafi cin rani ba su dawo ba, sadaka da zakka da tausayin maƙwabta ne fanshonsa, kuma ba kullum suke isa ba.

3.0 Zuwan fansho

Dokar fansho ta 1951, wadda aka mayar da fara aikinta zuwa Janairun 1946, ta shafi ma'aikatan gwamnati ne, kuma a lokacin fansho alfarma ce a hannun Gwamna, ba haƙƙi ba. A 1961 aka kafa asusun tanadi na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni, wanda ke biyan kuɗi a dunƙule sau ɗaya. Dokar soja mai lamba 102 ta 1979, wadda ta biyo bayan rahoton Udoji, ita ta tsayar da tsarin da aka daɗe a kansa: ma'aikaci ba ya zuba komai, gwamnati ke biyan garatuti da fansho daga kasafin kuɗi. Ƙa'idar barin aiki kuwa ita ce cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa.

A daidai wannan lokaci gandu yana kwancewa. Farin 1972 zuwa 1974 ya kori matasa daga karkara, kuɗin mai ya ja su birane, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai yara aji. Ɗan da ke karɓar albashi ba ya jiran uba ya biya masa haraji ko sadaki, saboda haka igiyar da ta ɗaure shi da gonar gida ta sassauta.

Alkawarin hukuma ma bai daɗe ba ya fara tangaɗi. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu ta sanarwar rediyo, ba tare da wani shiri ba. Sannan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira. A 1985 naira ta fi dalar Amurka daraja, amma zuwa 1993 dala ɗaya ta kai kusan naira 22 a farashin gwamnati. Wanda ya yi ritaya da fansho mai riƙe gida sai ya wayi gari kuɗin ba ya sayen buhun gero. Daga nan layin tantancewa ya shiga rayuwar tsofaffi, har kalmar "ɗan fansho" ta ɗauki ma'anar abin tausayi.

Dokar 2004 ta sauya tsarin zuwa na karo-karo, ma'aikaci da mai ba shi aiki kowa na zuba kashi 7.5 cikin ɗari a asusun mai suna, dokar 2014 kuma ta mayar da shi kashi 8 da kashi 10. Manomi da 'yar kasuwa, waɗanda su ne mafi yawa, sai a 2019 aka buɗe musu ƙaramin tsari na ganin dama.

4.0 Abin da harshe bai raɗa wa suna ba

Ma'aikacin da ya bar aiki yana rasa abubuwa da yawa a rana ɗaya: ofis da gidan gwamnati da masu gaisuwa da dalilin fita da safe. In ya koma garinsu, baƙo ne bayan shekara 35. In ya zauna a birni, babu rumbun da zai buɗe, 'ya'yan kuma suna Legas ko Abuja suna aiko da kuɗi. Matarsa, wadda ta saba da tafiyar da gida ita kaɗai da rana, sai ta sami mai sa ido a kan cefane. Wataƙila wannan na cikin dalilan da suka sa malaman jami'a suka nemi a ɗaga shekarun ritayar farfesa zuwa 70, aka kuma yi haka a 2012.

Hausa tana da hauka da taɓin hankali, masu nauyin abin kunya, har a Kano ambaton Dawanau kaɗai ya isa habaici. Tana kuma da gigin tsufa, wanda ake ɗauka ƙaddarar shekaru ce, ba cuta ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili babba. Dattijon da ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya janye daga majalisa, sai a ce tsufa ne, ko a ce ya cika tunani. "Ciwon damuwa" da "ciwon mantuwa" ƙirƙira ce ta baya-bayan nan daga likitoci da gidajen rediyo, kuma damuwa kalma ce mai sauƙi ƙwarai, wadda ba ta sa iyali su nufi asibiti.

Binciken da ya fi ƙarfi a kan wannan batu a ƙasar Yarabawa aka yi shi. Nazarin tsofaffi na Ibadan, wanda Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga a 2007, ya gano cewa kusan kashi 7 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama sun yi fama da matsanancin ciwon damuwa a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma mazauna birni sun fi na karkara shiga haɗarin. Tun 1954 kuwa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya yi wa mai taɓin hankali magani yana zaune a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, maimakon a kulle shi. Doka ba ta bi sawunsa da wuri ba. Dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke cikin dokar Turawa ta 1916, ita ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa.